Tarin Ladan A Ɗakin Kifin Iya

Abubuwa da yawa sun zube daga kaina tun ban tsufa ba, har sunayen wasu malamaina na makaranta sai in yi ta lalube. Amma akwai mako guda da ko na kai shekarun kakata ba zan manta da shi ba, wato makon da wata na'ura da na haɗa da hannuna ta kusa zubar da mutuncin wani bawan Allah a kasuwa, alhali ko kan kifi bai taɓa ɗauka ba.

Kakar tawa ta wajen uwa ce, Iya muke ce mata. Iyayenta Yarabawa ne da suka sauka a tashar jirgin ƙasa ta Kano tun zamanin da, suka zauna a Fagge, a nan aka haife ta. Hausa a bakinta ta fi ta mutane da yawa, Yarbanci kuwa sai ranta ya ɓaci take ɗauko shi, shi ya sa mu jikoki duk abin da muka iya a yaren zagi ne. Sana'arta kifin ƙanƙara. Tana da ɗakin sanyi a bakin Sabon Gari, inda take jibge katan-katan na sukumbiya, masu sari suna zuwa suna ɗiba. Ni ne jikanta namiji na fari, don haka ni ne mijin. Duk inda ta gan ni, ko a gaban wa, sai ta ce, "Ga maigidan nan da ba ya cefane."

Mutumin da yake riƙe mata mukullan ɗakin wani dattijo ne Kirista, ɗan wani ƙauye a wajen Zariya. Ya taɓa koyarwa a firamare kafin ya dawo kasuwa, sunan Ticha kuma ya bi shi har kowa ya manta na yanka. Tun ina sa gajeren wando yake wurin Iya, shi yake duba mini aikin gida a kan teburinsa, yana ja mini kunne a kan munin rubutu. Mutum ne mai tsari har abin ya yi yawa. Idan ya ga tsintsiya a kwance sai ya tayar da ita, idan ya ga katan ya karkace sai ya gyara masa zama ko da na maƙwabci ne. Lokacin sallah ma'aikata su tafi masallacin da ke jikin ginin, Iya ta lallaɓa ɗan ɗakinta na baya tun kafin a kira saboda ciwon gwiwa, a bar Ticha shi kaɗai da shago. Kullum abin da yake cewa shi ne, "Ku je, ku sa ni a ciki." Ranar Lahadi kuwa ko gobara ake yi Iya ba ta nemansa.

Duk mai sayar da kifin ƙanƙara sanyi yake sayarwa, kifin rakiya ya yi. A kawo wuta a ɗauke, janareta ya yi gardama, kifi ya saki jiki ya sake daskarewa ba wanda ya sani, sai mai saye ya dawo da ƙorafi. A lokacin na gama karatun haɗa kayan lantarki, kaina yana hayaƙi, ina neman inda zan nuna bajinta. Sai na ce wa Iya zan haɗa mata abin da zai riƙa sa ido a kan sanyin ɗakin dare da rana.

Ranar da na gama haɗawa ta sa aka kawo mata kujera, ta ce in yi mata bayani dalla-dalla, don ita ba ta zama da baƙon da ba ta san asalinsa ba. Na nuna mata ɗan ƙarfen da na maƙala a cikin ɗakin, bai fi tsinken tsire ba, na ce sunansa sansa, shi ne mai jin sanyi da zafi. Idan ɗaki ya ɗumama sai 'yar wutar da yake fitarwa ta ƙaru, idan ya yi sanyi ta ragu. Sai dai wutar ƙarama ce ƙwarai, raɗa ce kawai. Waya ce take ɗauko raɗar, ta ratsa bango, ta bi ƙarƙashin kwanon rufi, ta sauko cikin wani ɗan akwati da na ajiye a kan teburin Ticha.

"To, a cikin akwatin wa yake sauraro?" in ji Iya.

Na ce ma'aikata uku ne a jere. Na farko aikin sanƙira yake yi, duk abin da aka raɗa masa sai ya ɗaga shi da ƙarfi, shi ne amfilifaya. Na biyu rariya ce, tana tace tsakin da ya biyo waya. Na uku shi ne mai mayar da magana lamba, domin kwamfuta ba ta san ɗumi-ɗumi ko sanyi ƙalau ba, lamba kawai ta sani. Shi wannan ba ya sauraro a jere, leƙowa yake yi lokaci-lokaci, ya auna abin da ya tarar, ya ba shi lamba, a adana, ya koma, can ya sake leƙowa. Idan lambar ta haura iyakar da na sa, sai wata jar fitila ta kama a saman akwatin, kuma ba za ta mutu ba sai an danna mata maɓalli.

Iya ta dubi akwatin ta ce, "Wato dai magulmaci ka kawo mini."

Na ce, "Amma shi wannan ba ya ƙarya, Iya."

Na faɗi maganar ne don in burge ta. Ita kuwa Iya ba a faɗa mata magana ta faɗi ƙasa, ƙullewa take yi a haɓar zani sai ranar amfaninta.

Watanni na'ura tana aiki lafiya lau. Ranar da janareta ya mutu da rana tsaka fitila ta kama, aka yi maza aka gyara kafin kifi ya saki. Iya ta riƙa kawo ƙawayenta 'yan kifi suna kallo, tana cewa mijinta ne ya yi, ko da yake ba ya cefane. Ni kuma aiki ya kai ni Kaduna, hankalina a kwance.

Wata Laraba da hantsi sai ga wayar Iya. Ko gaisuwar kirki ba mu yi ba ta ce, "Maigida, me yake kunna jar fitilar nan?" Na ce zafi ne, ko wuta ta yanke, ko an buɗe ƙofa an bar ta. Ta ce wuta ba ta yanke ba. Na ce to, ƙofa ke nan. Ta ce madalla, ta kashe waya. Na ci gaba da aikina, ban kawo komai a raina ba. Sai da yamma mahaifiyata ta kira ni, muryarta a sanyaye, ta ce Iya ta yi wa Ticha maganar da ba ta daɗi a gaban ma'aikata, shi kuma ya ajiye mukullai a kan tebur ya ɗauki hularsa ya tafi. Washegari da sassafe na shiga mota.

Na tarar da Iya a bakin ɗakin sanyi ta sha kunu, sabon kwaɗo rataye a ƙofar, mukullin a haɓar zaninta. Ta zayyana mini hujjarta, kuma in faɗi gaskiya, hujjar tana da ƙafafu. Ta ce kusan sati biyu ke nan, duk lokacin da ta dawo daga sallar azahar sai ta tarar da fitila a kunne. Ta danna ta kashe, a yi la'asar, ta dawo ta sake tarar da ita. Da safe ma in ta zo haka. Tsakanin salloli kuwa, lokacin da kowa yana nan, ko ƙyaftawa ba ta yi. Wa ake bari a shago lokacin sallah? Wa yake da mukulli da za a zo bayan an tashi? Ta tambaye shi, ya ce shi dai yana zaune yake ganin fitila ta kama da kanta.

Na ce, "To, an rasa kifi ne?"

Ta ce, "Wa yake ƙirga kifi a cikin katan? Ruwa ba ya tsami banza. Kuma kai da bakinka ka ce ba ya ƙarya."

Na ce ai jiya Ticha ya ajiye mukulli, yau da safe fa? Ta ce a kunne ta tarar da ita, wannan ne ma ya tabbatar mata ya yanka wani mukullin, shi ya sa ta sayi sabon kwaɗo. Sannan ta faɗi abin da ya sa gumi ya keto mini a gaban ɗakin ƙanƙara. Ta ce bayan la'asar za ta je wurin shugabannin 'yan kifi ta sanar da su, don kada wani ya ɗauke shi aiki a cuce shi. Wanda ya san kasuwa ya san ma'anar wannan. Kafin magariba labari ya zaga Sabon Gari ya tsallaka Kantin Kwari, kuma dattijon nan ko gadin tabarma ba wanda zai ƙara ba shi.

Na zauna a kujerar Ticha, na jona kwamfutata da akwatin, na buɗe duk lambobin da ya tara, na sa ta zana su a layi. Da kallon farko na san akwai lauje cikin naɗi. Zafi ba shi da gaggawa. Idan aka buɗe ƙofar ɗakin sanyi, layin a hankali yake hawa kamar tudu, in an rufe ya gangaro a hankali. Wannan kuwa haƙoran zarto ne. Yanzu lamba ta ce ɗakin ya isa a gasa burodi, leƙowa ta gaba ta ce sanyin ya wuce abin da injin Iya zai iya yi ko da zai mutu, can kuma komai ya koma daidai kamar ba a yi ba. Duk rikicin bai wuce 'yan mintuna ba. Na juya wa Iya allon na ce wannan ba aikin ƙofa ba ne, wani abu ne yake sa baki a wayar.

Ta ce, "Ni ban iya karatun zarto ba. Kai dai ka ce kana kare wanda ya koya maka rubutu."

Ɗaya daga cikin masu dakon katan ya matso ya ce shi dama ya daɗe yana zargin mutanen ɓoye, don an ce suna son wuri mai sanyi. Wani ya ce wataƙila na'urar ce ta musulunta, tunda ba ta fashin lokacin sallah. Aka yi dariya, ban da ni da Iya. Na san ba Ticha ba ne, amma sanin bai isa ba, sai na nuna wanda ya yi, kuma rana tana ta tafiya.

Da azahar ta gabato Iya ta ja ƙafa ta nufi ɗakinta, ma'aikata suka ɗauki butoci. Ni na ce bari in ɗan jinkirta, na sa kwamfuta tana nuna mini lambobin kai tsaye yadda suke shigowa. Layi a miƙe sumul, ƙofa da kwaɗo a gabana. Ladanin masallacin wani tsoho ne mai fama da tari, kuma yana da al'ada, kafin ya kira sallah sai ya ƙwanƙwasa makirifo da yatsa, ya yi gyaran murya mai tsawo. Sai na ji ƙwas, ƙwas a saman kaina da wata irin ƙara da ban san masallacin da ita ba. A daidai wannan lokacin layi ya yi tsalle. Ladan ya yi tari, layi ya sake zabura, jar fitila ta kama. Ya fara kiran sallah, haƙoran zarto suka jeru. Ya idar, layi ya kwanta.

Na yi ta kallon allon baki a sake. Sannan na tashi na yi alwala na shiga sahu, amma Allah Ya yafe mini, rabin hankalina yana kan rufin ginin.

Ana sallamewa na tare ladan muka gaisa, na ce Baba, na ji muryarka ta ƙara ƙarfi. Fuskarsa ta washe. Ya ce ai alherin Hajiya kakata ne, Allah Ya saka mata da gidan Aljanna. Makonni biyu da suka wuce ta saya wa masallaci sabuwar amfilifaya da babbar lasifika, ta kuma ce a kafa ta a kan rufin ɗakin sanyinta tunda ya fi ko'ina tsawo, yanzu har 'yan tasha suna jin sa. Na ce wa ya ja wayar? Ya ce mai gyaran rediyo ne, amma ya bar ta tana reto a bakin hanya, sai Ticha ya ce ba zai iya kallon wannan ɓarna ba, wani ya zo ya rataye. Shi ya nemo tsani ya hau da kansa ya gyara mata zama.

Na ari tsanin na hau. Wallahi ban taɓa ganin aiki mai kyau irin wannan ba. Ticha ya ɗauki wayar lasifika ya kwantar da ita a jikin wayar sansana, ya bi su da zaren roba ya ɗaure tamau, taƙi bayan taƙi, tun daga kusurwar gini har ƙarshen kwano, ko ɗaya bai fi ɗaya tazara ba. Waya mai ɗauke da raɗa ta kwana ta tashi rungume da waya mai ɗauke da muryar da ake ji a tasha. Wutar da ke gudu a waya ba ta tsayawa a cikinta kaɗai, tana ɗan taɓa maƙwabciyarta, kuma ɗan abin da ya tsallako daga ta ladan ya ninka raɗar sansa nesa ba kusa ba. Sanƙiran cikin akwati bai san muryar wa ya ji ba, ɗagawa kawai yake yi. Rariyar da na sa daidai ƙaramin tsaki na yi ta, ba a yi ta don wannan ambaliya ba. Shi kuma mai ba da lamba duk abin da ya leƙo ya tarar, zafi yake kiran sa. Ina kan tsani dariya ta kama ni, sai kuma ta yanke da na tuna wanda ya yi ɗaurin yana gida a zaune da sunan ɓarawo.

Na san idan na tsaya yi wa Iya bayanin yadda wuta take tsallaka waya, la'asar za ta yi ban gama ba. Gani ya kori ji, amma a wannan karon jin nake so ta yi. Na ciro 'yar igiyar sauraro ta wayar hannu, na yanke bakinta, na jona a bayan amfilifayar akwatin. Na roƙi ladan ya koma ya kunna kayansa ya ɗan yi gwaji idan na ɗaga masa hannu. Na danne jar fitila ta mutu, na zaunar da Iya tana fuskantar ƙofa, na ce ta taɓa kwaɗonta ta tabbatar. Ta taɓa. Na zura mata igiyar a ƙarƙashin ɗankwali, na ce ta toshe ɗaya kunnen da yatsa.

"Wannan wayar daga ina ta fito, Iya?"

"Daga cikin kifina."

Na ɗaga hannu. Ladan ya ƙwanƙwasa, ya yi gyaran murya, tari ya sarƙe shi. Da ya samu kansa, maimakon ya ce gwaji ne, sai ya ga dama ta samu, ya shiga yi wa Hajiya mai kifi addu'a da iyayenta da kakanninta, duk unguwa tana ji. Jar fitila ta kama. Na ga idon Iya ya tafi kan fitila, ya dawo kan kwaɗo, ya koma kan fitila. Ta zare igiyar ta dube ta, ta mayar kunne, ta sake saurara.

Ta ce, "Maigida, me ladan yake yi a cikin ɗakin kifina?"

Ma'aikata suka fashe da dariya, mai maganar mutanen ɓoye har da riƙe ciki. Na kai ta bakin gini na nuna mata wayoyin biyu a ɗaure, na gaya mata wanda ya ɗaure su da dalilinsa. Sai dariyar ta mutu da kanta. Iya ta koma kujerarta ta zauna, ta yi magana ƙasa-ƙasa da Yarbanci, kuma wannan karon na gane da kanta take. Aka kira la'asar, aka idar, mayafin da ta ajiye don zuwa wurin shugabannin 'yan kifi yana nan a ninke.

Gyaran bai ba ni wahala ba. Na kwance ɗaurin Ticha, raina yana sosuwa don kyansa, na raba wayoyin kowacce ta kama gabanta. Na sauya ta sansa da irin mai sulke a jiki, wadda hayaniyar waje ba ta ratsa ta. Na ƙara wa rariya ƙarfi. Sannan na koya wa akwatin haƙuri, na sa ya daina yanke hukunci da leƙowa ɗaya, sai ya tara awo da yawa ya ɗauki matsakaicinsu, kuma kada ya kunna fitila sai zafi ya zo ya zauna. Da magariba ladan ya yi tarinsa son ransa, layi ko motsi bai yi ba.

Gyaran mutum ne ya gagara. Ranar Juma'a Iya ta aike ni gidan Ticha da mukullai, ta ce in gaya masa an gano matsalar, ya dawo bakin aikinsa. Na same shi a benen da yake haya a Sabon Gari yana goge takalman da ba su da datti. Ya karɓe ni da fara'a, ya ce Injiniya, ya sa aka kawo mini lemo. Da na ba shi labarin wayoyin ya yi dariya har da hawaye.

"Ni na ɗaure su," in ji shi. "Da na sauko har ja da baya na yi ina yaba aikina."

Na miƙa masa mukullai, sai ya mayar da hannuwansa baya. Ya ce, "Ɗana, ba fitilar ce ta yi mini ciwo ba, ita ƙarfe ce. Na ce wa Hajiya ban buɗe ba. Ta dube ni, ta dubi fitila, ta zaɓi fitila. Ka gaishe ta, ka ce na gode da zaman da muka yi."

Na sauko daga benen nan ina jin kunyar mayar wa Iya mukullanta. Da na faɗa mata yadda muka yi, kalma bayan kalma, ba ta yi faɗa ba, ba ta kuma tsokane ni ba, abin da ya fi tayar mini da hankali ke nan. Iya mace ce da ban taɓa jin ta ba wani haƙuri ba. In ta yi maka laifi sai dai ta aiko maka da dafaffen kifi, kai ka gane.

Ranar Lahadi da hantsi ta leƙo ɗakina cikin shigarta ta zuwa biki, ta ce, "Maigida, tashi ka raka matarka unguwa." Muka hau adaidaita sahu, ta ce a kai mu Sabon Gari. Ba gidan Ticha ta nufa ba, a gaban cocinsu ta sa aka sauke mu. Wata mai sayar da lemo a tsallaken titi ta ba mu benci, muka zauna. Ana ta waƙe-waƙe a ciki, rana tana ɗagawa, inuwar da muka fake a ciki tana guduwa. Na ce mu je mu dawo, ta ce a'a. Na ce in aika a kira shi, ta ce wa ya taɓa kiran ta tana sallah? Can da zama ya yi zama, gwiwa ta fara yi mata magana, ta karkato ta ce mini, "Su waɗannan ba su da gajeriyar sura ne?"

Da aka tashi mutane suka fito, sai ga Ticha da matarsa cikin jama'a, riƙe da littafinsa. Iya ta dafa kafaɗata ta miƙe, ta tsallaka titi da ƙafar nan tata. Da ya hango ta ya tsaya cak. Ba ta ja shi gefe ba, a nan gaban mutanensa ta tsaya.

Ta ce, "Ticha, shekara da shekaru kana zaune kana jira in idar da sallah, ban taɓa dawowa na tarar ko ƙayar kifi ta yi ciwon kai ba. Yau na ce bari in ɗanɗana jiran nan in ji." Ta kwance haɓar zani ta fito da mukullai, har da na sabon kwaɗon. "A gaban mutane na zarge ka, a gaban mutane nake roƙon ka. Ban kyauta ba. Ka yafe mini."

Matar Ticha ta sa gefen gyale a ido. Shi kuma ya dubi mukullan, sannan ya miƙa wa matarsa littafin, ya rusuna, ya karɓa da hannu biyu. Ya ce, "Ya wuce, Hajiya. Amma ko wayar wa na gani tana reto, ba ruwana." Iya ta ce wannan kuma ƙarya yake yi, ba zai iya ba. Ni dai na juya ina kallon mai lemo, don ban so matata ta ga maigida yana hawaye a titi.

Har yau aikin da nake ci da shi ke nan, haɗa na'urorin da suke sauraron zafi da nauyi da motsi suna mayar da su lamba. Kuma duk wanda na haɗa wa, ban ƙara ce masa ba ta ƙarya ba. Abin da nake cewa shi ne, tana faɗin abin da ya shigo kunnenta ne, ba ta san wanda ya faɗa ba. Wancan makon ya koya mini cewa kafin ka kama mutum da maganar shaida, ko shaidar ƙarfe ce ko mai rai, ka hau tsani ka bi wayar tun daga tushe, ka ga wa ya raɓe ta a hanya. Idan kuma mutumin da ka sani shekara da shekaru ya ce maka bai yi ba, to maganarsa ma awo ce, a sa ta a cikin lissafi kafin a kunna jar fitila.